Daga Dandali Zuwa Awon Igiya

A bakin lungunmu, cikin tsohon birnin Kano, akwai wani fili da bai wuce taku arba'in a tsaye da talatin a kwance ba. Wata tsohuwar ceɗiya ce a gefensa na gabas, da rijiya a bayanta, sai dakali uku da ke jingine da soraye uku. Babu takardar da aka taɓa rubuta sunansa a ciki. Dandali muke ce masa, kuma a nan na yi wayo a farkon shekarun 1970.

Filin yana da masu shi, kowa da lokacinsa, ba tare da an taɓa zama an raba ba. Da sassafe na mai koko da ƙosai ne, wata tsohuwa da ke kafa kaskonta a gindin ceɗiyar, mu kuma mu jeru da kwanukanmu. Da hantsi sai masu ɗinkin hula su shimfiɗa tabarmi. Bayan azahar dattawa ne a kan dakali, wani da carbi, wani da rediyo, biyu suna dara a ƙasa. Ana sallame la'asar mu za mu karɓe shi da langa da ƙwallon tsumma, har ƙura ta turnuƙe, wani dattijo ya daka mana tsawa, mu lafa na ɗan lokaci mu koma. Bayan isha kuwa, musamman a daren farin wata, na 'yanmata ne. Su ajiye farantan tallarsu a jere, gyaɗa da alewa da dafaffen rogo, kowane da fitilarsa a-ci-bal-bal, su yi da'ira su fara gaɗa. Idan azumi ya kai goma, 'yan tashe daga nan suke haɗuwa su shafa bula su kama lunguna.

Kakata ba ta fitowa dandali da dare, amma ɗakinta yana bayan katangar da ta yi iyaka da shi. Tana daga kan gadonta take sanin wanda ya zo da wanda bai zo ba. Wani dare na faɗi a wajen langa na fasa gwiwa, na danne kukan don kada a ce mini rago. Ina shiga gida ta ce, "Maigida, zo nan in ga ƙafar." Na ce, "Inna, wa ya gaya miki?" Ta ce tun ɗazu ta daina jin muryata a cikin ta yara. Da na girma na shiga aikin awon filaye, na zauna da masu ilimin tsara gari na ji suna maganar tsaro a wuraren shaƙatawa, kullum wannan daren nake tunawa. Dandalinmu ba shi da katanga, ba shi da maigadi, ba shi da ƙofa balle kuɗin shiga. Abin da yake da shi kunnuwa ne da idanu ta kowace kusurwa. Baƙo ba ya tsayuwar minti biyar a wurin sai wani daga kan dakali ya ce masa, "Malam, gidan wa ake nema?"

Ba zan yi masa kwalliyar da ba shi da ita ba. Matan aure suna cikin kulle, rabonsu da dandali sai dai sautin tafi da ke tsallako musu katanga. Rijiyar ba ta da murfi sai wasu itatuwa biyu da aka gicciya. Kuma taku kaɗan a bayan unguwar akwai kududdufi, wanda kowace damina sai ya cika ya batse. Ina aji uku ya ci wani yaro abokin wasanmu, wanda ya bi manya wanka. Har yau ina ganin yadda aka shimfiɗe shi a bakin ruwan, an lulluɓa masa zanen mahaifiyarsa, ƙafafunsa da laka a waje. Idon unguwa yana kan dandali, bai kai kududdufi ba.

Wannan yalwar fili da muka taso muka tarar gado ce mai tsawon tarihi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwa. Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a tsakanin 1463 da 1499, aka sake ƙara ta a ƙarni na 17 zamanin Muhammadu Nazaki. Duk wanda ya ƙara ganuwar, ya kewaye ƙasa da ta fi gidajen da ake da su yawa nesa ba kusa ba. Dalilin a bayyane yake. Idan maƙiya suka yi wa gari ƙawanya, dole a sami inda mutanen ƙauye za su fake da dabbobinsu, a kuma sami gonar da za a noma a cikin ganuwa. Baturen nan Hugh Clapperton da ya shigo Kano a 1824 ya ƙiyasta mutanenta tsakanin 30,000 da 40,000, ya kuma lura cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar da ke cikin ganuwa ba. Sauran gonaki ne da lambuna, ga fadamar Jakara ta ratsa gari. Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya zo a 1851 ya hau Dala ya zana taswirar birnin, ita ma ta nuna gari a dunƙule a gefe guda, sarari kuma ya ɗauki ragowar.

Rumfa ne ya ba birnin ƙirar da muka sani: ya gina fada, ya kafa kasuwar Kurmi, a zamaninsa aka fara fita sallar Idi a Shadakoko. Abin da ya fi jan hankalina a ƙirar nan shi ne sararin da aka bari a ƙofar fada. Duk wanda ya taɓa tsayuwa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, ya ga dawakin hakimai suna zuwa jahi, ya san amfanin wannan sarari. A nan sarki da talaka suke ganin juna ido da ido. To wannan ƙirar ce take maimaita kanta tana ƙanƙancewa: ƙofar gidan hakimi da sararinta, ƙofar gidan mai unguwa da nata, har a gangaro kan ɗan dandali irin namu. Kuma kowanne yana da mai tsaronsa. Da wani zai tashi da safe ya fara haƙa harsashi a dandali, kafin rana ta take an kai maganar gaban mai unguwa. Ba ma a kaiwa nan. Kunyar maƙwabtan da za ka haɗu da su a sahu sau biyar a rana ta isa ta hana ka.

Su kuma kududdufan, gidajenmu ne suka haife su. Ƙasar da aka yi tubali aka gina kowace unguwa, daga ramin da ke bayanta aka haƙo ta. Da ramin ya yi zurfi sai ya zama matattarar ruwan sama. Suna da sauro, suna da haɗari kamar yadda na faɗa, amma su ne suke shanye ruwan damina. Da aka bi su ana cikewa da shara ana yanka fuloti a kai, ruwan bai fasa zuwa ba. Yanzu a ɗakunan mutane yake kwana.

Turawa sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, suka zauna a wajen ganuwa ta gabas, wajejen Nasarawa da Bompai. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, Sabon Gari ta biyo baya don ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu. Da su ne wani sabon irin fili ya shigo ƙasar nan. Dokar garuruwa ta 1917, zamanin Gwamna Lugga, da ƙa'idojin da suka biyo ta sun tanadi a bar sarari mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, ba a gini a cikinsa. Hujjarsu ita ce zazzaɓin cizon sauro. Likitocinsu sun ɗauka sauro ba ya yin nisa haka, kuma suna ganin 'ya'yanmu ne matattarar cutar. Ina so mai karatu ya tsaya a nan. Shekaru ɗaruruwa muna barin fili saboda yara su taru. Wannan ne karon farko da aka bar fili a Kano saboda a nisanta da yara. A irin waɗannan sarari da kewayensu aka yi filin sukuwa, da na folo, da na wasan golf, aka shuka darbejiya a jere, itaciyar da ita ma sai a zamanin Turawa ta shigo mana. A filin dawakin nan ne jiragen sama na sojan Ingila suka sauka a 1925, saukar da ake lissafawa a matsayin farkon zuwan jirgin sama Kano. Filaye ne masu kyau, shararru, masu ciyawa. Ɗan birni yana shigarsu ne a matsayin mai riƙe linzami ko mai ɗaukar jakar sanduna.

Na daɗe ina ganin cewa daga nan muka gaji wani tunani da har yau bai sake mu ba: wai wurin shaƙatawa na hukuma abu ne babba, mai nisa, mai shinge, wanda ake shirya tafiya a je. Bayan samun mulkin kai an yi wa Kano babban tsari na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya jagoranta. Kafin wa'adinsa ya cika gari ya riga ya tsere wa takarda.

Mutumin da ya fara tunanin talaka ma yana son wurin zuwa da iyalinsa shi ne Audu Baƙo, kwamishinan 'yan sandan da ya mulki jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Shi ya yi madatsar ruwa ta Tiga da ta Bagauda, shi ya kafa gidan namun daji a farkon shekarun 1970, wanda yanzu yake ɗauke da sunansa. Allah ya jiƙansa, ya yi wa yaran Kano gata. Ranar da na fara zuwa, washegarin ƙaramar Sallah ce, ba a daɗe da sauya kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo ba. Kawuna ya tara mu mu bakwai, kowa da sabon ɗinki, na ƙulle kwabban barka da Sallah a aljihu ina tafe ina taɓawa. A lokacin wurin bayan gari ne, gonaki ne hagu da dama. Muka bi layi aka yanka mana tikiti. Ban manta jimina ba, yadda ta sunkuyo da dogon wuyanta ta ƙura mini ido, gashin idonta zara-zara, na ƙanƙame rigar kawu. Zaki yana kwance bai ko motsa ba, amma hammar da ya yi ta ishe mu labarin wata guda a dandali. Ka lura, a dandali muka ba da labarin. Gidan namun daji sau ɗaya ko biyu muke ganinsa a shekara. Dandali kuwa kullum ne.

Yanzu gari ya haɗiye gidan namun dajin. Titin da ya bi ta gabansa ya zama ɗaya daga cikin mafi cunkoso a Kano, shaguna da gidaje sun kewaye shi. A watan Oktoba na 2019 wani zaki ya kuɓuce daga kejinsa, aka rufe wurin, mutanen unguwannin kusa suka kwana da fargaba, kafin a same shi a kejin awaki ya cinye su. A 2020 gwamnatin jiha ta sanar da niyyar mayar da gidan zuwa Tiga, tana cewa hayaniyar gari ta dami dabbobin. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai tambayar da na ji mutane suna yi a majalisu ita ce: idan an kwashe dabbobin, bishiyoyin fa? Tiga tafiyar fiye da awa guda ce a mota. Mai sayar da ruwa a kura da 'ya'ya shida ba zai kai su can ba ko da Sallah. Kuma da wuya ka sami wani wuri a tsakiyar Kano da manyan itatuwa suka taru da yawa kamar nan.

A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. A arewa ba baƙon abu ba ne ƙwarai, tun 1910 Turawa suka ɗora irin wannan iko a hannun hukuma. Amma ta zo daidai da lokacin da kuɗin mai suka shigo, mutane suka yi ta kwararowa birni, ƙasa ta zama haja. Ni kuwa a tsakiyar shekarun 1980 na shiga aiki da wani mai safiyo mai zaman kansa, ina ja masa tef ina kafa turakun siminti. A wurinsa na fara ganin taswirar sabuwar unguwa. Fulotai a jere kamar gidan dara, tituna, wurin makaranta, wurin masallaci, wurin asibiti, sannan wasu 'yan gurabe da aka shafa wa koren launi. Na tambayi maigidana, ya ce filin wasan yara ne da wurin shan iska. Raina ya yi fari. Na ce ashe ba a manta da dandali ba.

Bayan shekara shida aiki ya sake kai ni wannan unguwa. Na nemi koren gurbin nan da ni da kaina na kafa wa turaku huɗu. Na tarar da gida mai bene a rabinsa, ɗaya rabin an zagaye shi da bulo an rubuta cewa ba na sayarwa ba ne. Yaran layin suna buga ƙwallo a kan titi, sun sa duwatsu a matsayin raga, mota na zuwa su kwashe su mayar. Na ga irin wannan ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Koren gurbi a takarda maraya ne. Masallaci yana da jama'arsa, makaranta tana da iyayen yara da malamai. Filin wasa ba shi da mai unguwar da za a kai wa ƙara, domin maƙwabtansa baƙin juna ne, kowa ya ja doguwar katanga ya sa ƙofar ƙarfe, babu soro balle dakali.

Wannan a awon gwamnati ke nan. Yawancin Kano ta yau kuwa awon igiya ce ta gina ta. Mai gona a gefen gari ya ga gini ya matso, sai ya kira dillali, a ɗauko igiya a yanka gonar gida-gida, a bar ɗan lungun da mota ɗaya za ta iya kutsawa, wani wurin ma sai dai babur. Wata rana an kira mu mu daidaita wa wani dattijo iyakar gonarsa kafin a yanka. Na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, da za a bar ko fuloti biyu a tsakiya saboda yara." Ya dube ni ba tare da fushi ba, ya ce, "Ɗana, 'ya'yana goma sha ɗaya, wannan ce kaɗai gadonsu. In na bari, wa zai tsare? Ina rufe ido wani zai zo da takarda ya ce nasa ne." Ya ware wurin masallaci, wannan kam bai yi gardama ba. Na rasa amsar da zan ba shi, domin gaskiya ya faɗa. Na riga na ga abin da ya sami wanda hukuma da kanta ta ware.

Har manyan filayen da tarihi ya san da su ba su tsira ba. An yi gine-ginen shaguna a filin Idi na Ƙofar Mata a ƙarƙashin wata gwamnati, wadda ta gaje ta ta rushe su a watan Yuni na 2023, magana ta je kotu, babbar kotun tarayya ta yanke diyyar naira biliyan 30 ga 'yan kasuwar. Mutane sun yi asarar dukiya mai yawa, wasu jarinsu ke nan gaba ɗaya, abin tausayi. An yi ta muhawara a rediyo wata da watanni, kowa da ɓangaren siyasarsa. A duk abin da na saurara, ban ji an tambayi samarin da suke buga ƙwallo a irin waɗannan filaye da yamma inda suka koma ba. A jihar da ƙidayar 2006 ta ba mutum miliyan 9.4, mafi yawansu yara da matasa, wannan tambayar ba ƙarama ba ce. Muna kukan faɗan daba da ƙwacen waya, kuma kukan yana kan hanya. Yaro ɗan shekara goma sha biyar da ƙarfi ke cinsa, gidansu ɗaki biyu ne da mutum tara, dole ya fita. Inda zai tsaya idan ya fita, mu manya ne muke yanke masa, ko mun sani ko ba mu sani ba.

An yi 'yan lambuna a wasu shataletale da gefen manyan tituna, an sa kujerun siminti da furanni. Wasunsu sai yaro ya tsallake titi mai hannu biyu kafin ya kai. Wasu an kewaye su da katangar da ta fi mutum tsayi da sunan tsaro, sai ta zama ita ce mafakar masu shaye-shaye, domin na waje ba ya ganin na ciki. Uwa ba za ta aika 'yarta irin wannan wuri ba, kuma tana da gaskiya. Akwai kuma wuraren wasa na kuɗi, da lilo da motocin lantarki, masu tsabta da masu gadi. Ina kai jikokina idan hali ya yi, suna murna, nima ina murna. Amma idan ka haɗa kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa da na tikiti da na ɗan abin sha, ka san wannan ma na ranar Sallah ne.

Da za a tambaye ni ma'aunin filin unguwa, zan ce a samo yarinya 'yar shekara bakwai. Za ta iya zuwa da ƙafarta ba tare da ta tsallake kwalta ba? Idan ta yi kuka, akwai wanda ya san sunan ubanta da zai ji? Duk sauran abubuwan daga nan suke fitowa. Inuwa da wurin zama saboda tsofaffi su zo su zauna, don zamansu shi ne gadin. Fitila saboda bayan isha. Famfo da makewayi, da gefen da mata za su zauna a sake, abin da dandalinmu na da bai ba iyayenmu ba. Shinge iya gwiwa wanda zai tare babur bai tare ido ba. A bar mai ƙosai da mai shayi su kafa a bakinsa. Sannan a rubuta shi da sunan unguwa, a danƙa wa mai unguwa da liman da 'yan kwamiti takardar a gaban jama'a, yadda duk wanda ya zo da tasa takardar zai tarar da mutane a tsaye.

Watan jiya na koma lungunmu gaisuwar rasuwa, na tafi da jikata. Ceɗiyar ta daɗe da faɗuwa. An rufe rijiyar an kafa tankin burtsatse a kanta. Shaguna huɗu sun cinye gefen gabas, wani ya fito da katangarsa ta cinye na kudu, adaidaita uku suna kwana a ragowar. Na nuna mata na ce, "Amarya, nan ne dandalinmu." Ta duba ta ce, "Kaka, ina?"

Mun daɗe a gidan, sai bayan isha muka fito. A ɗan tsukin da ya rage tsakanin tankin da shagon mai cajin waya, inda hasken ƙwan shagon yake faɗowa, 'yanmata shida sun yi da'ira suna gaɗa, wadda ke tsakiya tana faɗawa baya suna cafe ta. Jikata ta saki hannuna ta matsa kusa. Wani mai babur ya shigo lungun a guje, sai wata tsohuwa da ke zaune a bakin ƙofa da farantin gyaɗa ta ɗaga murya ta kira shi da sunansa da na mahaifiyarsa. Ya taka birki, ya sauko, ya tura babur ɗin da hannu har ya wuce yaran.